Kwalin Alhaji Sammani

A shagon kargo na bayan Bab Sharif, a Jidda,
inda fanka ke juya zafi ba ta kore shi ba,
kwamfuta ɗaya gare mu ni da Baffa Ilu,
kai kuwa biyu.

Baffa mutumin jaka ne.
Jaka cikin jaka cikin jaka:
shekara ta haifi wata, wata ya haifi jirgi,
jirgi ya haifi jiha, jiha ta haifi mai kaya.
Ya ce komai na duniya da ubansa,
ko kwalin dabino sai ya kawo salsalarsa.
Tambaye shi dardumar Hajiya Tasalla,
sai ya gangara hawa biyar yana ƙirga da baki
kamar mai yasar rijiya,
ya fito da ita yana haki.

Ni laƙabi nake liƙawa.
Rubutu ɗaya, suna huɗu a goshinsa:
bashi, Gusau, mai fashewa, kafin Juma'a.
Ko da wanne na kira shi, zai amsa.
Na ce, Baffa, kai kanka fa?
Nan Takaruni suke ce maka, a Kazaure ɗan Makka,
a masallaci mataimakin ladan, a asibiti mai ciwon suga.
Wace jaka za ta ɗauke ka ba ta yage ba?
Ya ce, kabari.
Ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Ban faɗa masa ba, nawa ma sun fara fin ƙarfina.
Ga gaggawa, ga gaugawa,
ga maza-maza da na ƙirƙiro wata Talata cikin fushi,
su ukun ba su san juna ba.
Laƙabi ɗari da sha bakwai, kasuwa ba sarkin kasuwa.
Turaren wani ɗan Azare ya yi kwana arba'in a ɓoye
saboda harafi ɗaya da yatsana ya tsallake.
Shi ma Baffa yana da jakar da ya raɗa wa Sauransu,
ta fi duk 'yan'uwanta ƙiba.
In na kai ido kanta, sai tari ya taso masa.

Sai ga kwalin Alhaji Sammani.
Kilo ashirin da uku a sikeli:
ajwa, butar shayi, jallabiyar yara guda shida,
da agogon bango mai kiran salla.
Ya biya rabi, ya ce saura bayan Arfa.
Bayan Arfa abokin ɗakinsa ne ya zo shi kaɗai,
ya ce a Makka aka yi masa sutura.
Lambar da ya bari a rasit, kullum a kashe.

Baffa ya buɗe jakunkunansa ɗaya bayan ɗaya.
Ba a An Aika ba. Ba a An Fasa ba.
Ya ja linzami har bakin Masu Bashi,
ya tsaya,
ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi.
Ni na rubuta bashi, na goge.
Na rubuta amana,
manhaja ta ce sabon laƙabi ne, in tabbatar?
Shekara uku ina wannan kujera
ban taɓa neman kalmar ba.
Kunya ta hana ni dannawa.

Da la'asar Baffa ya zaro riyal daga aljihun gaba
ya cike rabin, bai shigar a ko'ina ba.
Ya ɗora kwalin saman kanta, inda lema ba ta kaiwa.

Rubutun na nan a fuskar allo,
ba uba, ba laƙabi,
shi muke fara gani kowace safiya kafin mu yi gardama.
Mun ba mutanen Ringim uku sallahu, shiru.
Agogon kuwa ba a cire masa batir ba,
sau biyar a rana yana kiran salla daga cikin kwali,
a lokacin Makka,
minti kaɗan kafin ladanin unguwa.