Kadada Arba'in a Kwarin Alazani

Takardar ta iso ran Talata da hatimi biyu,
ɗaya ja, ɗaya ya koɗe.
Shugaban gona ya karanta ta a tsaye, bai dubi kowa ba:
maye ya ci ƙasa, in ji na sama,
don haka kadada arba'in ta inabi za ta tashi.
Ni ke tuƙa tarakta.
Aka ce, "Gocha, gobe da asuba."

Ban ce uffan ba.
Sau nawa na ciccibo ubana daga bakin kwalbati?
Na daina ƙirgawa tun kafin safiyar
da muka tarar da shi sandare cikin ƙanƙara,
kwalba a aljihun kwat.
Farar barasar kanti ce a ciki, ba ruwan gonarmu ba,
amma takarda ba ta da hanci,
kuma uwata cewa ta yi, "Tumɓuke su duka."

Tsoho Shalva ya riga ni isa.
Yana zaune kan kifaffen bokiti, almakashi a cinya.
Ya ce, "Kuranga sai ta shekara huɗu take ba ka ƙwaya,
sai ta shekara ashirin take sanin abin da take faɗi.
Kai minti nawa kake bukata?"

Na ta da inji don kada in ji sauran.

Tsohuwar saiwa ba ta fita da daɗin rai.
Takan turje, ta yi ƙara,
kamar ana cire wa ƙasa haƙori.
Kwana tara ina yi.
Hayaƙin kututture ya rufe duwatsu.

Kafin kaka ta zagayo sukari ya ɓace a kanti,
kowane ɗakin girki da tukunyarsa mai tafasa a ɓoye.
Wani maƙwabcinmu ya sha turaren aski, ya makance.
Taragon da ke kai gangunanmu arewa
ya yi tsatsa a tasha, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.
Tsiala, mai manna takarda a jikin kwalba shekara sha tara,
aka sallame ta da tabarau da kofin shayinta.
Ta ce an bar jaki ana dukan taiki.

Ƙanwata kuwa, da ke aikin dare a asibiti,
ta ce ɗinkin daren Asabar ya ragu,
matan da ke zuwa da kumburin ido sun ragu.
Ita ma ba ƙarya take yi ba.
Na rasa wanda zan ba gaskiya,
sai na riƙa cin abinci a waje.

Shalva bai kai bazara ta biyu ba.
Da muka je share rumfarsa
na ɗaga murfin randar da ke binne a ƙasa,
wadda kakansa ya shafe da kakin zuma.
Babu ko ɗigo.
Sai damin ƙirare cikin jiƙaƙƙen buhu da yashi,
kowane da idanu uku, an yanke shi a karkace.
Ashe abin da almakashin ke yi ke nan
duk kwana taran da nake gaba yana baya.

Na ƙirga: ɗari da goma sha ɗaya.
Bakwai suka kama, bayan ɗakin uwata.
Ta san ko mene ne.
Da yamma takan watsa musu ruwan wanke-wanke,
ba ta taɓa tambayata ba.