Shaida Na Biyu

Ranar Talata bayan la'asar, a Aboabo,
Inna Azaratu ta aiko a kira ni.
Ɗakinta na warin man zafi da citta,
an tokare mata baya da matashi uku.

Akawun lauya ya karanta da Turanci,
ya juya da Hausarsa mai ɗingishi.
Ta gyara masa: "Ba shago ba, rumfa.
Rumfata ta Alabar da tukwane shida
na Fuseina ne, wadda ta ɗauki kayana a ka
shekara goma sha ɗaya ba ta ɓatar da cokali ba.
Bai kai sulusi ba, na tambayi malam.
Saura 'ya'yana su raba yadda Allah ya ce."

Akawu ya ce shaidu biyu, zama ɗaya,
kuma mai rabo a ciki ba ya shaida.
Fuseina ta fita wanke kwanuka.
Muka rage ni da Issaka mai awo.

Sai tankar ruwa ta fara kuka a lungu,
tasi ɗina ne ya tare mata hanya.
Minti uku na yi, wallahi bai fi ba.
Na dawo, yatsan Inna ya riga ya yi shuɗi.

Damina biyu ke nan da binne ta.
Yau babban ɗanta ya tsayar da ni a Adum,
lauyansa ya ce, "Ka ga lokacin da ta dangwala?"
Alƙur'ani a hannuna, Fuseina a bayana,
ina jin numfashinta kamar na mai hawan tudu.
Na ce, "Ban gani ba."
Wani ya yi dariya.

Alƙali ta cire tabarau.
"Da ka dawo, ta yi maka magana?"
Na ce ta ɗaga mini yatsan,
ta nuna takardar ta ce, "Kai direba, sarkin fita,
dubi nan, ni na dangwala."
"Issaka yana wurin?"
"Yana nan, bai ko buɗe biro ba."

Alƙali ta daɗe tana rubutu.
Ni dai ban san dokar Turawa ba.
Na ga lauyan ya zauna a hankali,
kamar wanda tayarsa ta sace a Kejetia.