Na Goma Sha Ɗaya

Ni na rubuta ƙa'idar,
a teburin kicin ɗina, a Valparaíso,
shekara goma sha tara ke nan,
shayi na hucewa, jiragen ruwa na gunji a tasha.
Baƙin ƙwaro guda, mai ƙafa takwas.
Kayan haɗi kada su haura goma.
Batir ɗaya. Allo kada ya fi tafin hannu.
Ban da kwamfuta, ban da kwafar aikin wani.
Na sa hannu: Eleuterio Bascuñán, sakatare.

Asabar ɗin nan mun taru a zauren 'yan dakon tasha,
ɗaki na warin dalma da soyayyen kifi.
Baltasar ya ajiye fitila mai ƙyafta ido.
Na san ta tun ina da gashi a ka,
tana cikin tsohuwar mujalla a ƙarƙashin gadona.
Ja ce a can, ya mai da ita koriya,
ya sauya rizisto guda, ya ce tasa ce.
Na ƙirga: tara.
Ƙa'ida ta duba, ta kau da kai.

Sai Ximena Huenchumil,
mai gyaran birkin keken igiya da ke hawa tudunmu,
baƙin mai bai bar ƙarƙashin farcenta ba.
Kaya goma cif a allonta,
da waya biyu masu bakin kada,
da takardar ƙunshin burodi.
A kan takardar ta zana gaɓar tekunmu da fensir,
ta danna, ta maimaita, har layin ya yi sheƙi.

Ta maƙala waya a wannan bakin,
ta taɓa ɗayar a can ƙarshe.
Lasifika ta yi gunjin jirgi mai barin gari,
irin wanda ke shiga ƙirji kafin kunne.
Ta jawo hannu kusa, kusa,
gunjin ya sirance ya zama kukan tsuntsun teku.
Mai sayar da kifi ta leƙo ta taga
ta ga wa ke tafiya.

Muka koma bayan labule, mu uku.
Fresia ta ce zane ba kaya ba ne,
ba a saye shi a kanti ba, ba shi da ƙafa.
Aníbal ya ce duk abin da ya tare wa wuta hanya
rizisto ne, ko da tofi aka yi shi.
Ɗaya da ɗaya.
Suka juyo suna kallona,
ni da na haifi goman.

Na so in ce ban hango fensir ba a wancan dare.
Na so in ce shinge don awaki na kafa,
ban san tsuntsu zai zo ba.
Amma mutum ashirin da biyu sun yanke nasu don goman nan,
wani ya cire abin da ya fi so a aikinsa.
Na ce: goma sha ɗaya.

Koriyar fitila ta ɗauki kofi.
Aka tafa, tafin bai daɗe ba.
Ximena ba ta yi musu ba.
Ta zare batirinta, na rediyon gida ne,
sauran ta turo gabana.
Ta ce, malam, danshi na sauya masa murya,
kada ka bar shi kusa da taga.

Yanzu ƙarfe biyu na dare.
An ce in rubuta sabon sharaɗi kan fensir kafin baɗi.
Mai dokar barci, ga ka nan.
Tsohuwar takardar ƙa'ida na gabana,
na bi kalmar goma da fensir, na bi, na sake bi,
har ta yi baƙi ƙirin, haruffan suka haɗe.
Na ciro batirin mitata,
na maƙala waya a farkonta, ɗaya a ƙarshenta.

Gajeriyar kalma ce.
Siririyar murya ta fito,
matata ta yi juyi a ɗaki
ta ce wa ya bar tsuntsu ya shigo.