Taya

A gangaren Aboabo, dab da kwatar da ke jan ruwan jiya,
motar Baba ta fara ɗingishi,
fal, fal, fal, kamar silifas da ya tsinke.
Sitiyari ya ja ni dama, na bi shi,
na tsaya gaban wata mai gasa ayaba.

Na fito cikin fararen kayan asibiti,
barcin da ban yi ba yana rataye a idona.
Ta gaba ce.
Ta zauna daɓas a kan kwalta
kamar tsohuwar da ta rantse ba ta ƙara taku ɗaya.

Wata bakwai ban buɗe but ɗin nan ba,
tun ranar da maza suka dawo daga Tafo
babu shi a cikinsu.
Ga jak. Ga sufana naɗe a tsohuwar rigarsa,
shuɗiyar nan mai maɓalli ɗaya.
Ga guntun katako da ya ƙoshi da baƙin mai.
Na danna tayar ajiya da babban yatsa:
tauri kamar ɗanyen goro.
Iskar da ya sa aka hura mata
tana nan, ba ta ji labarin rasuwa ba.

"Zuwera, dutse kafin komai.
Ki sassauta noti tun tana ƙasa,
kada ki ɗaga ta tukuna."
Ranar da ya faɗa, da rabin kunne na ji,
ɗaya rabin yana cikin waya.
Ashe rabin ma ya riƙe.

Maame Serwaa ta jawo dutse daga gefen murhunta,
ta tura bayan tayar baya da ƙafa,
ta ce da harshen Asante, 'yata, tattare rigarki,
ta koma ta juya ayabarta.

Noti uku suka ba ni haɗin kai.
Na huɗu ya ce sai dai Baba.
Na ja, na taka, na yi masa magiya,
na faɗi wata kalma da ba ta dace da mai jinya ba.
Sai ga yaron torotoro ya diro,
fasinja na zaginsa ta taga,
ya hau sufanar da ƙafa biyu, ƙaƙ!
Kafin in ce na gode ya kama ƙofa,
yana kiran Kejetia, Kejetia.
Taya ta sace, wani ya taya ni,
ko fuskarsa ban riƙe ba.

Na ɗaga mota da hannu ɗaya.
Ni da nake juya majinyata a gado,
ban san ƙarfe ma yana yarda ba
in an bi shi a hankali.
Na ɗaure noti, ɗaya nan, ɗaya can,
yadda yake rabon naman layya,
kada wani ɓangare ya yi fushi.

A Asawase, Mumuni mai faci ya tsoma ta a baho.
Kumfa ta tona asiri:
ƙusa ce, ba ta kai ɗan yatsana ba.
Ya shafa robar, ya tsaya.
"Wannan facin nawa ne. Wannan ma.
Ina Baba Gariba? Ya kwana biyu."

Injin iska ya ci gaba da tari.

Ya cire hula, ya mayar,
ya buɗe tafukansa baƙaƙe ya yi addu'a,
na shafa da nawa, su ma baƙaƙe.
Ya ce sidi ashirin.
Baba da sai ya taya goma, su kwashe rabin awa suna dariya.
Ni ban taya ba.

Ƙusar tana aljihuna.
Rigar asibiti kuwa, ko omo ya yi nasa,
akwai sawun yatsa huɗu a ƙirji
da ban tabbata ina so su fita ba.