Lissafin Ƙarshen Wata

Ni ke riƙe da makullai a reshen Gujungu:
mota uku, benci ɗaya, rumfar kwano,
da littafin da nake rubuta wanda ya ɗauka
da ranar da ya rantse zai dawo.
Masu kamfanin suna Kano, a bene na huɗu.
Ban taɓa hawa ba. An ce akwai sanyi.

Muryarsu na sani, fuskarsu kuwa sai labari.
Kowace Litinin waya sai ta yi kuka:
"Lurwanu, me ya zaunar da farar motar kwana uku?"
Ranka ya daɗe, damina ce, gari duk yana gona,
wa zai yi hayar mota ya tafi noma?
"Ba tatsuniya muke so ba, lamba muke so."
To. Sai dai lamba ba ta tsiro a fadama.

Sun liƙa wa kowace mota 'yar na'ura mai tsegumi,
tana kai musu rahoton duk inda taya ta taka.
Ta ce Haladu ya tsaya minti arba'in a Majiya.
Ba ta ce makara ce ta tare hanya ba,
ya sauka ya bi sahu har aka rufe.
Dubu biyu aka yanke masa.
Ni na rubuta, da wannan hannun,
biro ya yi mini nauyin garma.

Ƙaya ta karci ƙofa, dubu uku.
Tsakuwa ta tsaga fitila, dubu biyar.
Laka a gindin mota, kuɗin wanki,
sai ka ce mu muka roƙo ruwan.

Ran nan Babban Manaja ya zo da kansa.
Nafi'u. Ashe yaro ne, sa'an ƙanena,
takalminsa kana ganin fuskarka a ciki.
Ya ƙirga tayoyi, ya shinshina kujeru,
ya ce reshen nan bai san darajar lokaci ba.
Aka dama fura, ya ce ya ƙoshi.
Zai yanke ta fadama, ya ce, ya yi la'asar a birni.
Na ce jiya sama ta kwana tana zuba.
Ya nuna mini wayarsa: ta ce hanya lau.
Na yi shiru. Wa ni da musu da waya?

Magariba sai ga kira, murya ta yi laushi:
"Malam Lurwanu..."
Yau na zama malam.

Haladu ya aro bijiman surukinsa guda biyu,
ya saɓa igiyar kamfani, na riƙe tocila.
Laka har cinya, sauro na kiɗan biki,
kwaɗi na yi wa Manaja sannu da zuwa.
Aka ja, igiya ta tsinke. Aka ƙulla, aka sake.
Mota ta fito tana tari kamar tsohon ɗan taba.
Manaja, ƙafa ɗaya ba takalmi,
ya kama hannun Haladu da hannu biyu,
ya tambayi sunansa, ya maimaita,
ya ce wallahi ba zai manta ba.

Ƙarshen wata takarda ta iso da hatimi:
"Igiyar ja, guda ɗaya, ta lalace a hannun direba.
Haladu Tsoho. Dubu huɗu."

Ya cika alkawari kuwa, bai manta ba,
ko harafi ɗaya bai kuskure a sunan ba.

Na karanta masa, don shi boko bai yi nisa ba.
Ya yi dariya har da riƙe ciki,
ya ninke takardar ya cusa a hula,
ya ce, "Bijiman ma ni na saya musu dusa."
Ya ɗau bokiti ya nufi farar motar.

Takalmin yana nan a fadama.
Gobe Litinin.
Bari in kai wayar caji.