Guzurin Jirgin Dare

A tashar Ngaundare, dab da magariba,
Hamajoda ya baje littattafai kan buhu
kamar mai tallar sassaƙe.
Ya ce, "Faɗi ciwonka, in zaɓa maka."

Na ce, dare ne kawai, har Yawunde.

"Ga tarihin fataken goro,
da nauyi, amma ƙaryarsa kaɗan ce.
In barci kake gudu, ɗauki wannan:
gawa a rijiya, makulli a aljihun tela,
ba za ka san an wuce Belabo ba.
Na soyayya kuwa, dubi bangon, ya sha hannu,
har wani soja ya saya a ɓoye.
Wa za ka gani a can?"

Na ce, yayana.
Shekara tara ba mu gaisa ba,
a kan gonar gero.

Ya zaro wani siriri daga ƙasan buhu.
"'Yan'uwa biyu, gida ɗaya, katanga a tsakiya.
Gara ta cinye shafin ƙarshe.
Sefa ɗari biyar.
In ka dawo, ka faɗa mini yadda ya ƙare."

Jirgi ya yi kuka.
Ban tsaya karɓar canji ba.