Ƙidayar Hannu a Mazoji

Ni na ƙidaya hannuwan farko,
ƙarƙashin dalbejiyar bayan ofishin hedimasta,
wata Asabar da gardama ta kai mu azahar.
Sha'aibu Maikatako, talatin da ɗaya.
Haladu mai kantin magani, goma sha tara.
Wani tsoho ya ɗaga duka biyu,
na ce, Baba, sauke guda.

Lokacin garin katako bai bar girarsa ba,
fensir maƙale a bayan kunne.
Bai iya jawabi ba. Ya miƙe ya ce,
"Yaranmu sun bar zama ƙasa."
Ya koma ya zauna.
Kafin a yanke gero benci arba'in sun shigo a amalanke,
kowanne ya ƙona masa harafin farko na sunansa
da jar ƙusa, ta ƙasa, inda ba mai dubawa.

Daga nan aka ce, ai wannan kansila ne.
Aka manna fuskarsa a bangon injin niƙa,
har da ƙyauren makewayin makaranta.
Hula ta ƙara tsawo, fensir ya faɗi.
Ya ci. Ya sake ci.
Mun ga burtsatse guda, ta yi wata bakwai tana ruwa,
kwalbati biyu, ɗaya daf da zauren surukinsa,
da buhunan taki da suka kwana sakatariya
suka wayi gari da ƙafafu.
Ban ce shi ne ba. Ban ce ba shi ba ne.
Ni alli aka ba ni riƙo, ba makulli ba.

In na je kan maganar kwanon aji huɗu da iska ta yaye,
masinja ya ce ya fita,
ni kuwa ina kallon takalmansa a bakin ƙofa.
Sau shida. Na bar zuwa.
Bencin nan gara ta fara, yara suka ƙarasa,
maigadi ya dafa shayi da ƙafafun na ƙarshe.

Ya nemi ciyaman.
Ya sayar da shago, ya bi da gonar hanyar Kwangwalam.
Wakilai suka ci shinkafarsa, suka rantse har da dafa ƙirji.
Cikin dare waya ta zo daga Katsina, wai an yi maslaha.
Sunan wani yaro ne a takarda,
wanda hanyar Mazoji ma sai an nuna masa.
Ƙofar gidan da babur ba ya samun wurin tsayawa
ta zama makwancin awaki.

Shekara tara.
Bara sai ga shi a taron iyaye,
jikarsa Hansatu na aji biyu.
Ya ce yana son kujerar kwamitin makaranta,
ita dai wadda ya faro daga kanta.
Dalbejiya na nan. Ni ma ina nan, da tabarau yanzu.
Sai dai iyayen da ke bisa tabarmi
su ne yaran da suka yi aji huɗu rana na dukan ƙeyarsu,
suka koyi lissafi littafi bisa gwiwa.

Na ce, masu son Sha'aibu.
Na ƙidaya a hankali, na sake, kada in zalunce shi.
Huɗu. Ɗaya nasa ne.
Dije mai keken ɗinki ta tashi da sittin da wani abu.

Bai yi fushi ba, ko ya yi ban gani ba.
Ya yi mata barka, ya kaɗe riga.

Litinin da sassafe na ji guduma a bayan aji huɗu.
Ya jawo wani guntun benci daga sito, ya kifa shi,
yana bin harafin da ɗan yatsa.
Bai ɗago ba ya ce, "Malam, kana da fensir?"
Na ba shi.
Har yau bai maido ba.